Yadda ake cefane a Aldi da Lidl: abin ɗauka, abin dubawa, abin bari

Wanda ya sauka Ingila karatu ko aiki, bayan kuɗin haya babu abin da ke cin aljihunsa kamar cefane. Ɗalibin da bizarsa ta ƙayyade masa aikin awa 20 a mako lokacin karatu ya fi kowa sanin haka, balle magidancin da ya zo da iyali. Shi ya sa duk wanda ya riga ka zuwa, shawarar farko da zai ba ka ita ce ka nemi kantin rangwame na Aldi ko Lidl mafi kusa da gidanka. Shawara ce mai kyau, amma ba ta cika ba. Akwai kayan da babu inda za ka same su da araha kamar a waɗannan kantuna, akwai waɗanda sai ka karanta bayansu kafin ka kai baki, sannan akwai kayan tukunyarmu da ko ka wuni kana zagaye ba za ka gan su ba. Abin da ake so shi ne ka san wanne ne wanne tun kafin ka fita daga gida.

Dukansu biyun kamfanonin Jamus ne. Aldi ya taso daga ɗan shagon da mahaifiyar Karl da Theo Albrecht ta buɗe a birnin Essen a 1913, 'ya'yan suka karɓa bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka faɗaɗa shi. Ya shigo Birtaniya a 1990, ya fara da Birmingham, Lidl ya biyo shi a 1994. Tsadar rayuwa ta ƙara musu kasuwa: a Satumban 2022 Aldi ya wuce Morrisons ya zama na huɗu cikin manyan kantunan ƙasar, a Maris ɗin 2023 kuma hauhawar farashin abinci ta kai wajen kashi 19 cikin 100, mutane suka yi ta tururuwa inda sauƙi yake.

Arahar ba ta lalacewar kaya ba ce. Babban kanti irin Tesco yakan tara kaya iri dubbai barkatai, tumatirin gwangwani kaɗai sai ka ga kala-kala. Su kuwa waɗannan kaya kaɗan suke ajiyewa, mafi yawansu kuma an yi musu ne da sunayen da suka ƙirƙira da kansu. Suna sarin abu ɗaya da yawan gaske, su ɗora shi a kanta cikin kwalin da ya zo, ma'aikata ƙalilan su riƙe shagon. Don haka in ka ga an rubuta Cucina ko Baresa a jikin gwangwani maimakon sunan da ka saba, kada ya dame ka.

Mataki na farko: daga gida ake farawa

Zauna ka rubuta abin da za a dafa a makon. Tuwo sau nawa, dafa-duka sau nawa, da me za a karya, me yara za su tafi da shi makaranta. Daga nan ka fitar da kayan da ake bukata, ka raba takardar gida uku. Kashi na farko na kantin rangwame ne: kayan gwari, shinkafa, taliya, fulawa, man girki, madara, ƙwai, burodi, kifin gwangwani. Na biyu na mahauci: nama da kaji. Na uku na shagon 'yan Afirka ko na 'yan Indiya da Pakistan: manja, daddawa, kuka, wake, kayan ƙamshi. Duk abin da zan faɗa a gaba a kan wannan rabon ya tsayu. Wanda ya dage sai ya haɗa komai a wuri ɗaya, ko dai ya biya da tsada, ko ya ci abin da zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba.

Ɗauki jakunkunanka, don leda ta kuɗi ce. Sa ƙwandalar fam ɗaya a aljihu, da ita ake kwance keken zuba kaya, in ka mayar da shi ta dawo maka. Ranar Lahadi a Ingila da Wales doka ta ba manyan kantuna awa 6 kacal, yawancinsu daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. Wanda ke Scotland wannan bai shafe shi ba, wanda ke Jamus kuwa ranar a rufe suke gaba ɗaya. Kuma ka ci abinci kafin ka fita. A Lidl wurin gasa burodi kusa da ƙofar shiga yake, ƙamshinsa ke fara tarbar mutum, mai jin yunwa kuwa ba ya bin takarda.

Mataki na biyu: ƙaramin rubutun bakin kanta

Kowane kaya yana da 'yar takardar farashi a ƙarƙashinsa. Manyan lambobin kuɗin ƙunshin ne gaba ɗaya. Ƙananan da ke gefe ko ƙasa su ne kuɗin kilo ɗaya, ko giram 100, ko lita. Su za ka riƙa dubawa, kamar yadda ba ka awo a kasuwa sai ka ji kuɗin mudu. Da su za ka gane cewa ba kullum babban ƙunshi ke fin ƙarami araha ba.

Kayan nasu hawa uku ne. Na ƙasa shi ne Everyday Essentials a Aldi, Simply a Lidl. Na sama Specially Selected da Deluxe. Sauran suna tsakiya. A ganina fulawa, taliya, alkamar oats da tumatirin gwangwani, ɗauki na ƙasa ba tare da wani tunani ba, da zarar sun shiga tukunya babu mai bambance su. Ganyen shayi ne nake ba da shawarar a hau mataki ɗaya, domin mafi arahar ba ya yin kauri in an zuba madara.

In kantin ya yi maka nisa har sai ka hau bas biyu, lissafa kuɗin motar a cikin cefanen. Tun 2020 Tesco ke daidaita farashin wasu kayansa da na Aldi, Sainsbury's ma ya bi sahu, kuma suna manna alamar hakan a bakin kanta.

Mataki na uku: kayan gwari

A nan ne ribar zuwan take. Fara da waɗanda aka karya wa farashi: a Aldi ana ce musu Super 6, kaya shida ne da ake sauyawa duk bayan mako biyu, Lidl ma yana da nasa na mako-mako. In karas da kabeji ne a ciki, to a makon sai a yawaita abin da ke son su.

Albasa, karas, kabeji da dankalin Turawa ana noma su a ƙasar, don haka kusan duk shekara suna da sauƙi. A makon da ke gaban Kirsimeti kantunan kan yi gasar karya farashinsu har ledar karas ko ta dankali ta koma ƙasa da kwabo 20 na kuɗin Ingila. Dankalin Hausa ma ana samu, mai jan ciki ne, ya fi namu laushi da zaƙi, yana daɗi a gashe fiye da a soye.

Tattasai iri biyu ne. Akwai mai ƙumbo da ake haɗawa ja da kore da rawaya a leda ɗaya, akwai kuma dogo ja mai tsini. Dogon shi ya fi kusa da namu a ɗanɗano, ruwansa bai kai na ɗayan ba, kuma yana ba miya launi. Attaruhu ba kullum ake samu ba. Saye shi da yawa a shagon 'yan Afirka, ka wanke, ka shanya ya tsane, ka jefa a firiza yadda yake. Ɗanyen tumatir kuwa, musamman da hunturu, ruwa ne kawai ga tsada. A bar shi wa kwaɗo da salak, miya ta gwangwani ce.

Mai marmarin miyar taushe ya nemi abin da suke kira butternut squash, wata kabewa ce mai dogon wuya da fata ruwan ƙasa-ƙasa. A fere ta, a kwashe 'ya'yan, a yanka manya-manya a dafa tare da nama, in ta yi laushi a farfasa ta da ludayi. Ta fi tamu zaƙi kaɗan, ɗan lemon tsami yana gyara ta in babu yakuwa. Tana kuma iya yin makonni a ajiye ba ta lalace ba.

Cikin kayan marmari ayaba da tuffa da lemo ba sa ba da kunya. Mangwaro kuwa ɗanye ake tsinko shi don ya jure tafiya, wanda ya san na gida da wuya ya gamsu. Duk abin da ke cikin 'yar roba, irin inibi, juya ta ka duba gindin, nan ruɓa ke farawa. A Lidl, in ka yi sammako, kusa da wurin biya akan ajiye kwali mai kimanin kilo 5 na kayan lambun da suka ɗan bugu, a farashi mai rahusa. Ba kai ke zaɓar abin da ke ciki ba, amma ga mai iyali da zai dafa a ranar ko washegari, garaɓasa ce.

Mataki na huɗu: shinkafa da busassun kaya

Shinkafa uku za ka tarar, kowacce da aikinta. Wadda aka rubuta wa easy cook turararriya ce, ba ta caɓewa, ita ce ta dafa-duka da shinkafa da miya. Basmati kowa ya san ta. Ta ukun ita ce farar long grain mafi araha, wadda mutane da yawa ke wucewa don tana saurin caɓewa. Wannan caɓewar ita muke nema: ɗanyar shinkafa ce, ita ke yin tuwo da waina da sinasir. A wanke ta, a jiƙa na ɗan lokaci, a ba ta ruwa fiye da na dafuwar yau da kullum, a rage wuta har ta yi lugub, sannan a tuƙa. Kada a gwada tuwo da turararriyar, ba za ta haɗe ba ko an wuni ana tuƙi. Gidan da ke cin shinkafa kullum ya kwatanta kuɗin kilo da na buhun kilo 10 a shagon 'yan Pakistan, musamman gab da azumi lokacin da suke rage farashi.

Oats yana cikin mafi arahar abincin da ke kantin baki ɗaya. Ban da karin kumallo, in aka niƙa shi a blanda ya zama gari yana yin kunu, yana kuma yin tuwo mai laushi da ke tafiya da miyar kuka ko kuɓewa.

Fulawar da aka rubuta wa plain ita ce ta fanke da cincin. Mai self-raising an riga an zuba mata hodar tashi, ta kek ce. Wholemeal garin alkama ne da dusarsa, shi za a nema don alkubus da funkaso. Yis yana zuwa cikin ƙananan fakiti na giram 7.

Markaɗaɗɗiyar gyaɗa ta kwalba tana rage wahala ƙwarai, amma a juya kwalbar a karanta. Wadda ake so ita ce gyaɗa zalla, kashi 100, ba sukari. Ita ke shiga taushe da miyar gyaɗa. Mai sukari ta shafa wa burodi ce, in ta shiga miya ta ɓata ta. Man girkin da aka fi sayarwa na rapeseed ne ko na sunflower, dukansu suna suya lafiya. Man gyaɗa na ainihi a ƙaramar kwalba yake zuwa, da tsada.

Kayan ƙamshi kuwa a wuce su. 'Yan kwalaben suna kama da masu araha, amma duba kuɗin giram 100 ka kwatanta da ledar citta ko kanumfari ko kurkum a shagon 'yan Indiya, za ka ga tazarar.

Mataki na biyar: gwangwani da firiza

Tumatirin gwangwani mai giram 400 shi ne uwar miya a ƙasar nan, a ɗauke shi da yawa. Ga yadda za a rage wa kai aiki: gwangwani biyu, dogon tattasai uku, albasa biyu, attaruhu daidai bakin mutanen gida. A markaɗa, a ɗora a wuta ba murfi har ruwan ya ƙone ya yi kauri, a bari ya huce, a rarraba a ƙananan robobi a sa a firiza. Ranar girki roba ɗaya za a ciro a soya. Tsamin da ake kuka da shi na tumatirin gwangwani, rashin ba shi lokaci a wuta ne ke kawo yawancinsa. A soya har mai ya taso sama.

Kifin gwangwani, sadin da tuna da makarel wato titus, abinci ne mai gina jiki da sauƙin kuɗi, kuma babu shakkar yanka a kansa. Akwai na cikin mai, na ruwan gishiri, da na miyar tumatir. A firij kuma akwai titus mai hayaƙi a leda, yana maye gurbin kifi banda a miya ko fate, sai dai a rage gishiri don yana da nasa.

A firiza ka ɗauki alayyahu. An dunƙule shi ƙwallo-ƙwallo, leda ɗaya tana daidai da ɗanye mai yawa, domin ɗanyen da ya ji wuta yake ƙanƙancewa. A narkar, a matse ruwan, a zuba a ƙarshen girki. Koren wake da haɗin karas da masara ma sun fi ɗanyu sauƙi, ga babu asara. Farin kifi marar ƙaya shi ma abin ɗauka ne.

Mataki na shida: madara, ƙwai, burodi

Ɗanyar madara da launi ake gane ta: shuɗi mai cikakken maiƙo, kore mai rabi, ja wadda aka yaɗe. A da a murfi launin yake, yanzu kantunan biyu sun koma murfi marar launi, sai a duba takardar jiki. Babbar jarka mai lita 2.27 ta fi sauƙi, kuma madara tana daskarewa lafiya in an rage kaɗan don kada jarkar ta kumbura. Yogot marar zaƙi, wanda aka rubuta wa natural ko Greek style, shi ne kindirmonmu a nan. A ɗan tsinka shi da madara a dama fura.

Ƙwai a ɗauki babban kwali mai gauraye manya da ƙanana, ya fi araha in an lissafa kowane ɗaya. Jan zakin da ke jikin ɓawon alama ce ta cewa an yi wa kajin rigakafin cutar salmonela. Mai son man shanu a tuwo ya sayi bota ta gaske marar gishiri, mai zuwa a dunƙule cikin takarda, ba ta roba da aka gauraya da man girki ba. A narkar da ita a ƙaramar wuta da yankakkiyar albasa har albasar ta yi ja, a tace a kwalba. Burodi kuwa a sayi biyu, ɗaya ya shiga firiza.

Mataki na bakwai: abin da sai an karanta

Wannan matakin ya fi duk sauran nauyi a wurina. Ɗanyen nama da kajin da ke firij ɗin waɗannan kantuna galibi ba su ɗauke da tambarin halal. Komai arahar, in babu tambari a jiki, a bar shi a je wurin mahauci Musulmi. Tamburan da aka fi sani a ƙasar su ne na HMC da na HFA, ƙungiyoyi biyu masu tantance halal, mahauta da yawa suna manna takardar shaidarsu a ƙofa.

Naman ma a fili yake, ɓoyayyun su ne abin tsoro. Gelatine, wanda sau da yawa daga alade ake samo shi, yana cikin alewar yara mai danƙo, da marshmallow, da wasu kayan zaƙi na firij. Lard kitsen alade ne, yakan shiga wasu kayan fulawa. Giya tana shiga tiramisu, wani kayan zaƙi na Italiya, da kek ɗin Kirsimeti, da wasu miyoyin kwalba na taliya, har da ƙullun da ake tsoma wani kifin firiza. Kalmomin da za ka nema su ne pork, wine, beer, rum, brandy da alcohol. Lura da abu ɗaya: kalmomin da aka rubuta da baƙi mai kauri a jerin kayan haɗi na masu rashin jituwa da wasu abinci ne, irin gyaɗa da madara da ƙwai, guda 14 da doka ta lissafa. Alade ba ya cikinsu, don haka da siririn rubutu za ka same shi a tsakiyar layi. Alamar da ke cewa abu ya dace da masu ƙin cin nama tana kawar da shakkar alade da kitse, amma ba ta kawar da ta giya. Yara su ma a koya musu juya fakiti tun suna ƙanana, don su ne ke ɗaukar alewa.

Mataki na takwas: kayan da aka manna wa ragi

Abin da kwanansa ya kusa cika ana manna masa takardar ragi, ja a Aldi, ruwan lemo a Lidl. Ragin yakan fara daga kashi 30, a Aldi har yakan kai 75 a ranar ƙarshe. Kwanan wata iri biyu ne a jikin kaya. Use by na lafiya ne, ana sa shi a kifi da nama da makamantansu, in ranar ta wuce ba a ci, amma ana iya daskarar da abin har zuwa ranar. Best before na inganci ne kawai: burodi, biskit, shinkafa da gwangwani ba sa zama guba don ranar ta wuce. Kifi da burodi masu takardar ragi su ne suka fi dacewa da firiza. Abin da ba ya cikin takardarka kuma ba ka san ranar da za ka dafa shi ba, ragin bai sa ya zama riba ba.

Haka layin tsakiya, inda ake zuba tukwane da barguna da kayan aiki da ake sauyawa kowane mako. Sabon zuwa zai iya samun tukunya ko bargo mai kyau a nan. Wanda ya riga ya kafa gida ya bi ta gefe.

Mataki na tara: wurin biya, da bayan an dawo

Masu karɓar kuɗi a nan suna da sauri, kuma ba a ɗaure kaya a gabansu. Jera masu nauyi a gaba, gwangwani da madara da dankali, ƙwai da burodi a ƙarshe. Yadda ake miƙo su haka za ka riƙa mayar da su cikin keken, ka biya, sannan ka matsa kan dogon benci da ke jikin taga ka shirya jakunkunanka a natse. Lidl yana da manhajar waya mai suna Lidl Plus da ke ba da ragi, a nuna ta kafin a biya. Duba rasit kafin ka fita, musamman kayan da aka manna wa ragi.

Da isa gida a fara da na firiza. Dankali da albasa a cire su daga leda, a ajiye su wuri mai duhu da iska, kowanne daban. Kayan miya a markaɗa a ranar tun ana da ƙarfi.

Saura kashi na uku na takardar, kuma sau ɗaya a wata ya isa. A shagon 'yan Indiya garin da aka rubuta wa bajri garin gero ne, juwar kuma garin dawa, ga tsamiya a dunƙule, ga farin wake mai baƙin hanci na ƙosai da alala. Zoɓo ana samun sa a shagon 'yan Karebiyan da sunan sorrel. Manja, doya, garin rogo da daddawa sai shagon 'yan Afirka ta Yamma, irin waɗanda suka cika Peckham a Landan. Kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji kuwa sun fi wuyar samu, in an samu ma da tsada, don haka in wani zai taho daga gida su za ka roƙa ya riƙo maka. Ka dai gaya masa kada ya haɗa da kilishi ko man shanu, dokar Birtaniya ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga ƙasashenmu, ana ƙwace su a filin jirgi.